Buɗaɗɗiyar Wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maradi: Wa ke ɗaukar nauyinsu bayan an sauke su a tasha?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maradi,
Fadar Gwamna, Maradi.



  

Ni tsohon malamin makaranta ne a ƙasar Tasawa, ɗaya daga cikin mutanen da ke haɗa ƴan kuɗinsu don tarbar waɗanda suka dawo gida hannu rabbana. Ba ɗabi'armu ba ce mu yi wa shugaba magana a bainar jama'a. Mun bi ƙofofin da aka saba bi, mun rubuta, mun je da ƙafa, an ba mu kujera da ruwan sha, amma amsar ba ta taɓa sauyawa ba: maganar tana da kyau, an miƙa ta sama, sai dai babu kuɗi a wannan babi. To, a jihar nan kai ne sama, kuma kai ne kunnen Yamai. Shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Maganata a kan kuɗin gwamnati ce, kuɗin da ya kamata a ware wa ƙungiyoyin da ke taimakon ƴan gudun hijira da korarru su koma garuruwansu, ko su kafu inda suka samu kansu.

Ƙorafina na farko, Mai Girma Gwamna, shi ne ba a ganin mu. Tun watannin Afrilu da Mayu na 2019, da ƴan bindiga suka fara koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, idan aka ce gudun hijira a jihar Maradi, hankali yakan tafi Gidan Rumji da Madarumfa. Da gaskiyar masu kallon can, don a can ne ruwan ya fi zuba. A can aka zaɓi Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka janye mutane daga bakin iyaka, aka zaunar da su kusa da ƴan gari, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya, gidan likita ɗaya. Dabara ce mai kyau, ta fi sansanin da ake kewayewa da waya nesa ba kusa ba, kuma ina jinjina wa talakawan da suka ba da gonakinsu aka kafa bukkoki. Amma gabashin jiha ma yana da nasa baƙin. Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012. Namu ba sa zuwa da tanti, ba sa yin layi gaban mai rajista. Akwai magidancin da ya yi shekaru yana noma a ƙasar Zamfara, aka ƙone masa rumbu, ya kwaso iyali ya faɗo gidan ƙanensa a Korgom ko Hawandawaki. Akwai matar da aka kamo a titin wani gari na Aljeriya da goyo a baya. Akwai saurayin Kanambakashe ko Urafan da ya fito daga kurkukun Libiya. Kowannensu ya ɓace cikin gidan dangi, kuma wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin kasafi.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, ka yi mini haƙuri in daɗe a kansa.

Gwamnatin Nijar ta iya dawo da mutane, wannan ba a ja. Tun ƙarshen 2014 ayarin motoci ke kawo ƴan ƙasa daga Aljeriya zuwa Asamaka, daga nan zuwa Agadas, daga Agadas a rarraba su jiha-jiha. A watan Maris na 2022 jiragen sama aka tura Dakar suka kwaso sama da mutum 1,000 da ke bara a titunan Senegal. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai, ƴan ƙasa da baƙi, kuma a 2025 abin bai lafa ba. Ana kashe kuɗin mota, ana kashe na mai, ana ba da abinci a hanya. Sai a zo tasha, a kira sunaye, a sauke su. Daga nan hukuma ta gama nata.

Ranka shi daɗe, ina so ka ga abin da ke biyo baya. Mace ce ta sauko daga mota da ƴaƴa uku da buhu ɗaya da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Ciki akwai bargo, da tukunya, da takalman yara. Wayarta da ƴan kuɗin da ta ɗinke a lalita an raba ta da su tun ranar kamu. Garinsu yana da sauran tafiya mai nisa cikin rairayi, sai an yi mata karo-karon kuɗin kabu-kabu ko ta jira amalanken ranar kasuwa. Ta isa gida, ɗakin da ta bari damina biyu sun ci ginshiƙinsa. Gonar kuwa, kuɗin tafiyar daga ina suka fito tun farko? Jingina aka ba da ita. Mai jingina ya shuka hatsinsa da wakensa, kuma ba zalunci ya yi ba, kuɗinsa ya bayar, ba zai tashi ba sai an mayar masa. Babban yaron ya wuce shekarun shiga aji ɗaya. Ƙaramar an haife ta a can, ba takardar haihuwa, wa'adin yin ta ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu. Dangi za su riƙe ta mako biyu da fara'a, wata guda da haƙuri. Daga nan sai tiya ta fara magana, don rumbun da aka auna wa mutum takwas yanzu goma sha biyu ke ci. Ko da hukuma ta kawo cimaka mai rahusa, buhun kilo 100 a jaka 13, a ina za ta samo jaka 13?

Kafin watan azumi ya zagayo za ka ji an ce wance ta koma biɗa.

Masu zagin waɗannan mata suna cewa kwaɗayi ne da mutuwar zuciya. Ban ce babu masu mayar da bara sana'a ba, akwai, har da dillalan da ke hayar ƴaƴan mutane, kuma waɗannan hukunci ya dace da su. Amma mu da muke zaune da su mun san mafi yawansu lissafi suka yi, lissafin kuma ya nuna musu hamada ta fi gida sauƙi. Duk ƙasar nan ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, galibinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu na gabas. Matar da ta san wannan labari, ta kuma sake ɗaukar ɗanta ta hau waccan hanya, ba wa'azi take nema ba. Kuɗin da gwamnati ta kashe ta dawo da ita bara, shi za ta sake kashewa baɗi, a kan mace ɗaya, a kan hanya ɗaya. Ko ɗan kasuwar da bai shiga aji ba ya san wannan asara ce.

Na uku: waɗanda ke toshe wannan giɓi a da, hannunsu ya yi sanyi. Tun yunwar 2005 mutanen Tasawa da Mayahi suka saba da farar mota mai tuta ta ƙungiyoyin agaji. Su ke ba da awakin kiwo, su ke biyan kuɗin koyon ɗinki da walda, su ke ɗaukar nauyin zaman alƙali a ƙauye don yi wa yara takardu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashen Turai da dama sun tsuke bakin aljihu. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, zuwa tsakiyar shekarar an rufe hukumarta ta USAID ɗungurungum, hukumar ƴan gudun hijira ta HCR kuma ta rage dubban ma'aikata a duniya. A cikin gida ma, an janye wa ƙungiyoyin ACTED da APBE izinin aiki a Nuwamban 2024, an sallami kwamitin Kuruwa Ruj na duniya a farkon 2025. Gwamnati ta faɗi dalilanta, kuma ba don in yi jayayya da su na rubuto ba. Abin da nake cewa, ƙungiya ta tafi amma aikin da take yi yana nan zaune yana jiran mai yi. Ga shi kuma cin rani, wanda shi ne tsohon inshorar Bahaushen Nijar, ya rage albarka: an rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris na 2024, naira kuma ta faɗi har abin da yaro ya tara a Kano ko Legas wata biyar, in ya canza shi zuwa sefa, bai fi ya sayi buhu biyu ba.

Mun ji ana cewa lokaci ya yi da Nijar za ta tsaya da ƙafafunta. Mun yarda, mun ma tafa. Ni kaina na daɗe ina jin kunyar a ce sai wani daga Janeba ya sa hannu kafin marainiyar Maijirgi ta samu akuya. Amma kowa ya ɗauki kiɗa shi ke da rawa. Tun da mun ce mun karɓi ragamar kanmu, to waɗannan mutane sun dawo wuyanmu, kuma ba a ciyar da su da taken ƙasa.

Wannan ya kawo ni ga na huɗu, wato Asusun FSSP na ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023. Kowa na zuba masa. Mai sayen kuɗin waya yana ba da dala biyunsa, mai yankar tikitin mota haka, ƴan kasuwar Maradi sun kai miliyoyi, ƙauyuka sun kai dammunan hatsi, ana nuna su a Tele Sahel. Dokar da ta kafa asusun ba makamai kaɗai ta ambata ba. A cikin ayyukansa an rubuta ɗaukar nauyin ƴan ƙasa da rashin tsaro ya raba da gidajensu, da sake zaunar da su, da shigar da su cikin jama'ar da suka tarar, da mayar da su gida bisa son ransu. Ba mu ne muka ƙirƙiro wannan ba, hukuma ce ta rubuta da hannunta. Babu mai hankalin da zai yi ƙyashin abin da aka ba sojan da ke kwana a daji don mu yi barci. Amma abin da ya shiga asusu muna jin sa har da sunan mai bayarwa. Abin da ya fito ta wannan babi na masu gudun hijira ya zo jihar Maradi, nawa ne, wace gunduma ta samu, ta hannun wa? Wannan tambaya ce ta mai zubi, ba ta ɗan adawa ba.

Za a iya ce mini korarrun Aljeriya ba rashin tsaro ya raba su da gida ba, don haka ba sa cikin wannan babi. Na ji. To a ba waɗanda suka tsero wa ƴan bindiga haƙƙinsu daga asusun, su kuma sauran a buɗe musu layi a kasafin kuɗin ƙasa. Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, kan waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, dokar cikin gida, a Disamban 2018. An yaba mana a tarurrukan duniya. Doka mai kyau ce, kuɗin aiwatar da ita ne ba mu gani a ƙasa.

Na biyar zai ɓata wa wasu abokan aikina rai, amma gara in faɗa da bakina. Ba kowace ƙungiya ce ta cancanci a damƙa mata kuɗin talakawa ba. Akwai wadda ofishinta gaba ɗaya yana cikin jakar shugabanta: hatimi, da takardar izini, da hotunan rabon kaya da aka ɗauka a wani gari shekaru biyar da suka wuce. Akwai masu taron bita a otel, a ci kaji, a raba kuɗin zama, a rubuta rahoto cewa an wayar da kan mata ɗari. Da hukuma ta ce kowace ƙungiya ta fito da lissafinta, ni ban ga laifi ba. Sai dai tankaɗen ya kasance mai raba gari da tsaki, kada ya zubar da duka. Ƙananan ƙungiyoyin mata masu asusun mako, da ƙungiyoyin matasa da na manoma, waɗanda su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ba su da kuɗin ɗaukar akanta, kuma tafiya Yamai neman takarda ta fi ƙarfin asusunsu. Idan sharaɗin samun tallafi ya zama sai mai iya rubuta Faransanci mai santsi, ƴan jaka ne za su sake cinyewa.

Sai maganar lokaci, a taƙaice. Irin shuka da ya iso a watan Agusta abinci ne, ba iri ba ne. Duk tallafin da ba a sake shi kafin ƙarshen Mayu ba, an yi asarar shekara.

Na ƙarshe ya shafi baƙinmu na Najeriya. Da kuɗi suka yi ƙaranci, an fara jin wasu na cewa ai su koma gida haka nan, sun daɗe. Ranka shi daɗe, kada wannan magana ta samu wurin zama a fadarka. Har yanzu ana kashe mutane ana sace su a ƙasar Sabon Birni da Isa da Zurmi, har yanzu akwai garuruwan da sai sun biya ƴan bindiga haraji kafin su shiga gonarsu. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969, wadda Nijar ke ciki, ta ce komawa gida sai da yardar mai komawa. Muna kuma da darasi a cikin gida. A Yunin 2021 gwamnati ta mayar da dubban mutane Barwa a jihar Difa, da motoci da cimaka da rakiyar soja, aka yi murna, kuma niyya ce mai kyau. Wata biyu bayan nan Boko Haram ta kai hari a garin, sojojinmu 16 suka kwanta dama. Mayar da mutum gida yana buƙatar tsaro da ya zauna da gindinsa, da rijiya, da malami, da likita, ba ranar biki kaɗai ba.

Ban da haka, jihar nan ba ta da bakin korar ɗan gudun hijira. Su wa suka kafa Maradi, in ba Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi ba, har Ɗan Kasawa ya kafa musu sabuwar sarauta a bakin gulbi? Su wa suka kafa Tsibiri, in ba Gobirawan da suka tsira daga Gawakuke a 1836 ba? Mutumin Sabon Birni da ya zo yau, gidan kakansa ya zo. Wanda ya zaɓi zama a cikinmu a taimake shi ya zauna da mutunci, da takardar aron gona daga kwamitin ƙasa na gari kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, don kada alherin uba ya zama rigimar ƴaƴa bayan shekara goma. A ƙasar Mayahi, inda gona ta riga ta yi wa masu ita kaɗan, ga makiyaya na neman hanya ta Gulbin Kaba, aron baki da baki wuta ce ake binnewa.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga roƙona.

Ina roƙon ka umarci kantomomin ƙananan hukumomin Tasawa da Mayahi, tare da masu gari da limamai, su buɗe rajistar duk wanda ya dawo ko ya yi gudun hijira zuwa cikinsu, da gidan da ya sauke shi, domin mai masauki shi ma ya shiga lissafi.

Ina roƙon ka kai wa Shugaban Ƙasa Janar Abdourahamane Tiani da Firaminista buƙatar a ware kaso sananne daga Asusun FSSP da kasafin ƙasa, mai suna da adadi, don shekarar farko ta wanda ya dawo: fansar gonar jingina ko aron wata da takarda, iri kafin ruwan farko, cimakar da za ta kai shi kaka, da ɗan jari ko awaki ga mata.

Ina roƙon a ba ƙungiyoyin cikin gida wannan aiki ta hanyar gasa a fili, a nan Maradi ba a Yamai ba, da takardu masu sauƙi da ake iya cikewa da Hausa, a saki kuɗin kashi-kashi, kada a ba da na biyu sai an je an ga na farko da ido.

Ina roƙon a karanta sunan kowace ƙungiya da abin da aka ba ta da garuruwan da za ta yi aiki a gidajen rediyon Tasawa da Mayahi, a kuma liƙa a ƙofar ofishin magajin gari. Wadda ta ci amana a gurfanar da ita, ko ta wace ce.

Ina roƙon a tura alƙalai zaman ƙauye sau ɗaya a shekara kafin komawa makaranta, a yi wa yaran da aka haifa a waje takardun haihuwa kyauta, a kuma buɗe wa waɗanda shekarunsu suka wuce ajin cike giɓi.

Ina kuma roƙon ka zo da kanka. Ba ziyarar da ake share hanya a tara ƴan makaranta da tuta ba. Ka sa a sanar da kai ranar da motar Agadas za ta iso, ka tsaya a tashar Tasawa, ka zaɓi iyali ɗaya ka sa a bi maka labarinsu har wata shida, a kawo maka rahoto a teburinka.

Idan akwai inda harshena ya yi kaifi, ina neman afuwa. Mu a shirye muke mu zo fadarka duk ranar da ka kira, da sunaye da garuruwa a hannu.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tasawa, Jihar Maradi.